Jijiyar Mai Wankin Ƙoda: Tun Kafin Ciwo Ya Ci Ƙarfi Ake Tanadinta

Idan ana maganar wankin ƙoda, hankali kan tafi ga inji da kuɗin kowane zama. Amma inji ba ya aiki sai an sami hanyar da za a riƙa zuƙo jini kimanin mililita 300 a minti ɗaya, ana mayar da shi, na tsawon awa huɗu, sau uku a mako. Jijiyar hannu yadda Allah ya halicce ta ba ta ɗaukar wannan nauyi. Shi ya sa a 1966 likitoci Brescia da Cimino suka fito da wata dabara a birnin New York: a ɗinke jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, a wuyan hannu, har ta biyun ta buɗe, ta yi kaurin da za ta jure hudar allura. Wannan haɗi shi ake kira fistula, kuma yakan ɗauki mako shida zuwa 'yan watanni kafin ya nuna.

A wannan jiran ne ake yi mana sakiyar da babu ruwa. Galibin masu ciwon ƙoda a asibitocinmu ba sa zuwa sai ƙafafu sun kumbura, numfashi na sarƙewa, don haka ba makawa sai a zura musu roba a jijiyar wuya ko ta matsematsi a fara wanki nan take. Robar tana ceton rai a ranar, amma ƙofa ce a buɗe tsakanin fata da zuciya. Ƙwayoyin cuta kan bi ta su shiga jini, sai ka ga mutum yana karkarwar sanyi a kan inji, wani lokaci cutar ta kai ga ƙofofin zuciya. Jini kan daskare a cikin robar. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne tabon da take bari: babbar jijiyar ƙirji ta ƙuntata, musamman idan an bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya, hannu ya kumbura, fistular da za a yi a wannan ɓangare nan gaba ta lalace tun ba a yi ta ba.

Za a ce ai fistula ma tana da nata. Gaskiya ne. Wata ba ta nuna ko kaɗan, wata ta toshe, wata ta yi ƙulu-ƙulu inda aka yawaita huda wuri ɗaya, wata kuma ta janye jini daga yatsu su yi sanyi da zogi, musamman ga mai ciwon suga. Ko a Amurka, inda aka ƙaddamar da gangamin fifita fistula a 2003, ƙa'idojin 2019 sun sassauta, suka ce a duba shekarun majiyyaci da yanayin jijiyoyinsa. Na yarda dattijon da jijiyoyinsa suka ƙare bai kamata a yi ta yanka shi ba. Sai dai wannan hujja ce ta zaɓe da lura, ba ta barin matashi ya shekara da roba a wuya ba, domin roba ce kan gaba wajen jawo cutar jini.

Batun kuɗi ma da nauyinsa, to amma kare jijiya ba ya cin ko kwabo. Da zarar gwaji ya nuna ƙoda na raunana, a keɓe hannun da mutum bai cika aiki da shi ba, a daina ɗibar jini da ƙarin ruwa a damtsensa, a koma bayan tafin hannu. Bayan an yi fistula, kada a ɗaura abin awon hawan jini a hannun, kada a kwana a kansa. Kowace safiya majiyyaci ya ɗora yatsu a wurin, zai ji wata girgiza kamar ta wayar salula. Ranar da ta ɗauke, a nufi asibiti a ranar, domin sau da yawa ana iya buɗe toshewar idan ba ta kwana biyu ba.