Tanderun Kawu a Kilomita Biyar

A shekarar 2014 unguwarmu ta Kilomita Biyar, wadda 'yan Bangui ke kira PK5, ta koma kurkuku marar rufi. Tun harin 5 ga Disamba 2013, ranar da 'yan anti-balaka suka afka wa birnin, duk Musulmin da bai hau motar Chadi ko Kamaru ba, nan ya tattaro. Ga titin Boganda a miƙe har tsakiyar gari, amma wanda ya bi shi sai a fara yi masa addu'a. Ko maƙabartarmu da ke Boeing ta gagare mu zuwa. A cikin wannan hali ne kawuna ya ce zai gina tanderun bulo a bayan gida.

Innata ta ce, "Haba Yaya, ana ta kai wa yake ta kaya?"

Ya ce, "Yaran nan fa, da me za su sha shayi?"

Gaskiyarsa ce. Fulawa ba ta yanke gaba ɗaya ba, manyan motoci suna kawo ta daga Douala ta Garoua-Boulaï da rakiyar soja. Masu gasa ta ne suka watse. Mutumin Bangui kuwa, ko da rogo ya kwana, da mapa yake son karyawa, wato burodi da harshen Sango.

Kawu magini ne, amma tanderun da ya sani shi ne na gurasar Jakara a Kano, garin kakanninmu, tukunyar da ake manna ƙulli a jikinta. Ya tsince jan bulo daga katangarmu da ta rushe, ya ɗaure shi da siminti, rana ta uku ya zuba masa wuta mai ƙarfi. Muna tsaye muka ji ƙas! Kubbar ta dare daga sama har bakin ƙofa.

Maƙwabcinmu wani tsohon Kirista ne da ya ƙi barin gidansa, Papa muke ce masa. Ya daɗe yana kuku a wani gidan abinci na cikin gari inda ake gasa piza. Ya leƙo ta gurbin katangar, ya girgiza kai.

"Malam, siminti ba ya shiri da wuta. Laka za ka nema."

Tare suka sake ginin, ni ne ɗan aike. Aka shimfiɗa fasassun kwalabe da yashi a ƙarƙashin daɓe don kada ƙasa ta tsotse zafin, aka jera bulo a kai babu laka tsakani. Sannan aka tara jiƙaƙƙen yashi kamar an kifa ƙwarya, aka lulluɓe shi da takardun buhu, aka riƙa jingina bulo a jikinsa zagaye bayan zagaye. Kan ƙofa ne suka fi ja-in-ja. Kawu yana son ta da tsawo, Papa ya kafe sai ta tsaya wajen kashi biyu cikin uku na tsayin kubbar: in ta wuce haka zafi ya tsere, in ta gaza wuta ta shaƙe. Da ginin ya kama jikinsa, ni aka tura na kwashe yashin da kwano, ina kwance rub da ciki, gabana yana faɗuwa kada bulo ya rufto mini. Daga waje aka yaɓe shi da laka mai ƙaiƙayi, aka yi mako guda ana hura 'yar ƙaramar wuta kullum har ya tsane.

Ranar gwaji Papa ya hana mu gaggawa. Ya nuna mana baƙin hayaƙin da ya rufe kubbar ta ciki, ya ce mu jira. Can sai baƙin ya fara cinyewa, bulon ya yi fari tas. Ya ture garwashin gefe, ya watsa ɗan gari a daɓe ya ga yadda ya soyu, sannan ya murza ƙulli da tafin hannu, ya shafa tumatir da albasa, babu cuku. Ya zura pizar a tanderun, ko minti biyu ba a yi ba ya zaro ta, gefenta ya kumbura. Daga baya na karanta cewa haka ake yi a Napoli ta Italiya, da zafin da ya haura digiri 400. Da zafin ya sauka aka kwashe wutar, aka jera burodi aka toshe ƙofar. Bayansa mata suka tura tukwanen wake.

Shekara ɗaya da rabi tanderun nan bai huta ba, kuma rabon Papa ake fara cirewa. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 kawai na san ba a kunna shi ba, ranar da Fafaroma Francis ya zo babban masallacinmu na Koudoukou, unguwa ta fita ƙwanta da ƙwarƙwatarta. Da yamma muka dawo, Kawu ya cire marfin ya zura hannu, ya kira Papa ya zo ya taɓa. Ɗumin wutar jiya yana nan a jikin bulon.