Asusun Haɗin Gwiwa Da Kuɗin Ƙananan Hukumomi: Abin Da Ya Shafi 'Yan Kasuwa

A cikin matakai uku na mulkin ƙasar nan, babu wanda ɗan kasuwa ke cin karo da shi kullum kamar ƙaramar hukuma. Ita ke karɓar kuɗin rumfa da na tasha da na mahauta, ita ke ba da lasisin amalanke da baro da kwale-kwale, kuma izinin kafa allon talla ko buɗe gidan burodi a hannunta yake. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ne ya ba ta waɗannan ayyuka, ya kuma ɗora mata kwashe shara, gyaran ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Sai dai a mafi yawan ƙananan hukumomi 774 da ake da su, abin da ake tarawa a cikin gida bai taka kara ya karya ba. Abin dogaronsu shi ne kason da ake rabawa a Abuja kowane wata.

Kason kuwa ba kaɗan ba ne. Daga asusun tarayya ana ware musu kashi 20.60 cikin 100, jihohi na da kashi 26.72, gwamnatin tarayya kuma 52.68. Daga harajin VAT suna da kashi 35 cikin 100. To, ina kuɗin ke tafiya, tun da kasuwannin ƙauye da yawa ko makewayi babu?

Amsar tana cikin sashe na 162 na tsarin mulkin. Sashen ya ce a miƙa kason ƙananan hukumomi ga jihohi domin amfaninsu, ya kuma umarci kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa inda za a riƙa zuba shi. Manufar ita ce jiha ta ƙara nata kason a kai, sannan a raba. A aikace abin ya juye. Daga asusun ake fara cire albashin malaman firamare, da na fansho, da kason masarautu, da kuɗin ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, waɗanda sau da yawa a gidan gwamnati ake yanke shawararsu a kuma ba da kwangilarsu. Abin da ya rage shi ke isa sakatariya, wani lokaci da ƙyar ya biya ma'aikata.

Nan ne abin ya taɓa aljihun ɗan kasuwa. Shugaban da bai da iko da kasonsa, wurin da zai juya shi ne kasuwa da tasha. Sai rasit ya yawaita, a ba 'yan kwangila karɓar haraji, a sa shinge a hanya ana tare motocin hatsi da na shanu. Kowace naira da aka karɓa a shingen tana komawa kan farashin buhu. A 1998 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 21 wadda ta jera harajin da kowane mataki zai karɓa, ta kuma hana tare hanya don karɓarsa, amma duk direban da ke ɗaukar kaya daga Arewa zuwa Kudu ya san yadda aka mutunta ta. Ƙananan 'yan kwangila da masu sayar wa hukuma kaya su ma sun sha jiran biya, domin wanda ya sa hannu a takarda ba shi ke riƙe da kuɗin ba.

Ba kullum haka tsarin yake ba. Gyaran 1976 ne ya rushe tsarin En'e ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya. A zamanin Janar Babangida an taɓa tura musu kuɗi kai tsaye, aka kuma ɗaga kasonsu har ya kai kashi 20 a 1992. Adadinsu ya kai 774 a 1996, Kano na da 44, Legas 20, Bayelsa 8. Tsarin mulkin 1999 ne ya tabbatar da kuɗin a hannun jihohi.

A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta haramta cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu. Babban sauyin ya zo ranar 11 ga Yuli, 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. A hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, gwamna ba shi da ikon riƙe kuɗinsu ko rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi, kuma majalisar da ba zaɓaɓɓiya ba ba za ta karɓi kaso ba.

Hukuncin yana da nauyi, amma ɗan kasuwa kada ya yi saurin gina lissafi a kansa. Kotu ta fassara tsarin mulki ne, kalmomin sashe na 162 kuwa ba ta goge su ba, sai majalisar tarayya da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi sun amince. Haka kuma sashe na 7 ya bar tsari da kuɗi da ayyukan ƙananan hukumomi a hannun dokar jiha. Da wannan ƙofa jihar Anambra ta yi amfani a watan Oktoba na 2024, ta kafa dokar da ta tilasta musu zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi. Har cikin 2025 ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana kukan ba a aiwatar da hukuncin ba.

Akwai kuma batun zaɓe, wanda a ganinmu ya fi na asusu muhimmanci. Hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda gwamnoni ke naɗawa, su ke gudanar da shi. A zaɓukan da aka yi bayan hukuncin, a watan Oktoba na 2024, jam'iyyar NNPP ta lashe dukkan kujeru 44 na Kano, APC kuma ta lashe dukkan 23 na Kaduna. Shugaban da ya san wanda ya ba shi kujera, ko an zuba kuɗin a asusunsa da safe, yana iya mayar da shi da yamma. Babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi shi ma ma'aikacin jiha ne, rahotonsa kuma majalisar jiha yake zuwa.

Saboda haka mai niyyar karɓar kwangila ko kama rumfa a sabuwar kasuwa ya fara tambaya: aikin yana cikin kasafin da majalisar kansiloli ta amince da shi? Daga wane asusu za a biya? Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma suna da damar neman a nuna musu dokar da ta kafa kowane kuɗin da ake karɓa a hannun mambobinsu, tare da rasit mai hatimin baitulmalin ƙaramar hukumar.