Lasifika Ta Sake Ƙonewa: Laifin Amfilifaya Ne?

A Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan da aka kafa a 1916 kusa da Mokola, lasifika ba ta hutu. Kiran salla sau biyar, zikirin Juma'a na 'yan Tijjaniyya, tafsirin azumi, Mauludi, ga kuma bukukuwa. Idan ta ƙone sau ɗaya sai a ce tsautsayi ne. Idan aka sayo sabuwa ita ma ta bi sahu, sai kwamitin masallaci ko mai hayar kayan sauti ya yanke hukunci cewa amfilifaya ce ke cinye su. A ganina wannan hukunci ya fi yawan zama kuskure, kuma abin takaicin shi ne ana iya gano gaskiya kafin a sake taɓa kuɗin jama'a.

Hanyar da lalatacciyar amfilifaya ta fi kashe lasifika ita ce ta turo mata tsayayyar wuta irin ta batir, wadda masu gyara ke kira DC. Sauti wuta ce mai kai da komo, shi ya sa takardar lasifika ke rawa. Idan taransistar fitar da sauti ta ƙone ta haɗe, sai wutar ta tsaya gefe guda, naɗin wayar da ke cikin lasifika ya daina motsi ya yi ta ɗaukar zafi. Gwajin ba shi da wuya. A cire lasifikokin, a rage murya gaba ɗaya, a kunna amfilifayar, a ɗora mita a bakin wayoyin fita. Lafiyayya ba ta cika wuce milibolt 50 ba. In mita ta nuna bolt ɗaya ko fiye, an kama ɓarawo. Wani zai ce an auna ba a ga komai ba, amma ɓarna ba ta tsaya ba. Gaskiya ne, akwai cutar da sai ƙarfe ya yi zafi take bayyana, don haka a bar ta a kunne kamar awa guda a sake aunawa. In kuwa tana zafi sosai alhali ba ta fitar da sauti, wataƙila tana wani siririn kuka ne da kunne ba ya ji, wannan kam sai mai gyaran da ke da na'urar nuna siffar sauti. Amfilifayar masallaci irin su Ahuja da TOA, masu layin bolt 100, galibi da taransfoma a bakin fitarsu, kuma DC ba ta ratsa taransfoma. Zarginsu ta wannan fuska yana da rauni tun farko.

Ita ma matacciyar lasifikar shaida ce, bai kamata a jefar da ita ba a buɗe ba. Naɗin da ya yi baƙi ƙirin yana wari, zafi ne ya ci shi. Takardar da ta yage, ko naɗin da ya fita daga gurbinsa bai ƙone ba, duka ne ya yi masa yawa. Tsatsa kuwa aikin damina ce, domin ruwan Ibadan ba ya raga wa lasifikar da aka kafa a kan rufi bakinta na kallon sama.

Babbar hujjar masu zargin amfilifaya ita ce: tamu wat 100 ce, lasifika wat 300, ta yaya ƙarami zai kashe babba in ba lalacewa ya yi ba? Amsa tana hannun mai murɗa murya. Idan aka tura amfilifaya fiye da iyakarta, sai ta datse kan sautin, murya ta yi gaushi, zafin da ke shiga naɗin ya ƙaru, ƙananan lasifikoki masu siririyar murya su fara mutuwa. Ga shi kuma lambar da ke jikin kwali ba ta cika faɗin gaskiya ba, musamman in an rubuta PMPO. Wadda ake dogara da ita ita ce RMS. Kukan da makirufo ke yi idan ya fuskanci lasifika ma yana iya gamawa da ita cikin ɗan lokaci.

Masu ɗora laifi kan NEPA suna da rabin gaskiya. Idan wutar kamfanin IBEDC ko ta ƙaramin janareta ta faɗi ƙasa da bolt 230, amfilifaya takan kai iyakarta da wuri, mai kula da ita ya ji murya ta ragu ya ƙara murɗawa. Sai kuma al'adar jona lasifika kan lasifika don murya ta kai ƙarshen layi. Biyu masu om 8 a bakin waya ɗaya sun koma om 4, huɗu sun koma om 2, nauyin da amfilifaya da yawa ba za su iya ba. Daga nan taransista ke ƙonewa ta turo DC ɗin nan. Ko an canza taransistar, muddin ba a rage lasifikokin ko an mayar da su kan layin bolt 100 ba, sabuwar ma ba za ta daɗe ba.