AMSOSHIN TAKARDUNKU: Me Ya Sa Kwamfuta Ke Jinkiri Kafin Ta Mutu?

A wannan fili muke buga amsoshin da aka karanta a rediyo domin wanda bai samu sukunin ji ba ya karanta da kansa, ko kuma a karanta masa.

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano. Yana so ya san dalilin da ya sa idan aka kashe kwamfuta ko wayar hannu ba ta mutuwa nan take kamar tocila, sai ta ɗan yi jinkiri. Ya ce kuma yaran da ke riƙe musu lissafi a kwamfuta kullum suna hana a zare mata wuta kai tsaye, shin gaskiya suke faɗi ko kuwa iyayi ne kawai?

AMSA: To malam, gaskiya yaran suka faɗa maka. Wannan jinkiri da kake gani, na'urar tana sallamar ma'aikatanta ne, tana ba kowa dama ya kintsa kayansa kafin a rufe ƙofa. Amma bari mu ɗauko maganar daga tushe.

Ita dai kwamfuta, haka ma wayar zamani, ba aiki ɗaya take yi ba. A kowane lokaci akwai manhajoji da dama da ke gudana a cikinta: wannan tana riƙe da lissafinka, waccan tana jiran saƙo, wata kuma tana kula da agogo. A samansu duka akwai babbar manhaja, wadda za mu iya kwatanta ta da sarkin kasuwa. Ita ke yanka wa kowace manhaja rumfarta a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ta ba ta lambar shaida, ta kuma hana wani shiga rumfar wani. To idan wata magana ta gaggawa ta taso, yaya sarkin kasuwa zai sanar da mai rumfa alhali ya duƙufa a kan cinikinsa? Sai ya aika masa da abin da masana ke kira sigina.

A nan sai a lura, ba siginar sabis ta waya muke nufi ba, wadda ake hawa tudu ana nema. Wannan wata aba ce daban da ke faruwa can cikin na'ura. Kuma ba doguwar wasiƙa ba ce, lamba ce kawai. Kamar dai busar usur: babu kalma a ciki, amma kowa ya san abin da kowace busa ke nufi.

Asalin wannan tsari daga ƙasar Amurka yake. A shekara ta 1969, a ɗakin bincike na Bell Labs da ke jihar New Jersey, wasu masana da suka haɗa da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina wata babbar manhaja mai suna Unix, kuma a cikinta wannan salon sigina ya girma. A shekara ta 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta tasa mai suna Linux bisa tafarkin Unix ɗin. A kan Linux ne kuwa aka ɗora Android, wadda wayarta ta farko ta shiga kasuwa a shekara ta 2008. Ke nan malam, in wayarka Android ce, to wannan abu da muke bayani yana cikin aljihunka, haka nan yana cikin da yawa daga na'urorin POS da ake cire kuɗi da su. Ita Windows tana da tata hanyar daban ta isar da irin wannan gargaɗi, amma manufar kusan ɗaya ce.

A Linux akwai sigina ta yau da kullum iri 31. Ga kaɗan daga cikinsu.

Lamba 1 tana nufin layi ya katse. Ta samo asali ne tun zamanin da mutane ke haɗuwa da babbar kwamfuta ta layin tarho, inda ake aika ta idan mai amfani ya ajiye kan tarho.

Lamba 2 tana nufin ya isa haka nan. Ita ce ke tafiya idan mai aiki ya danna maɓallin Ctrl tare da harafin C a allon rubuta umarni.

Lamba 11 tana nufin ka shiga gonar wani, wato manhaja ta taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ba a ba ta ba. Sau da yawa ita ce sanadin manhaja ta rufe kanta ba zato ba tsammani.

Lamba 14 agogo ce. Manhajar da kanta take roƙon a tashe ta bayan daƙiƙa kaza.

Lamba 19 tana nufin tsaya cak inda kake, lamba 18 kuma ci gaba.

Sai kuma manyan guda biyu waɗanda tambayarka ta rataya a kansu, wato lamba 15 da lamba 9, za mu zo kansu yanzu.

Idan sigina ta iso, manhaja tana da zaɓi huɗu. Na farko, ta bar abin ya tafi bisa ƙa'idar da babbar manhaja ta shimfiɗa, wadda a mafi yawan ire-iren sigina ita ce a rufe manhajar. Na biyu, ta yi kunnen uwar shegu da ita. Na uku, ta ce a riƙe mata ita tukuna har ta gama wani aiki mai tsanani da ba ya son katsewa. Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne ta yi tanadin wani ɗan aiki na ko-ta-kwana tun da wuri, ta ce wa babbar manhaja: duk sa'ad da lamba kaza ta zo, a juya ni zuwa wannan aiki. Alal misali, kamar tela ne yana cikin ɗinki aka ƙwala masa kira, sai ya soke allura daidai inda ya tsaya, ya je ya amsa, ya dawo ya ɗora daga nan ba tare da ya ɓata ɗinki ba.

To yanzu ga lamba 15. Ma'anarta ita ce tattara kayanka za a rufe. Roƙo ne cikin girma da arziki. Me ya sa manhaja ke bukatar wannan gargaɗi? Domin kuwa ajiya iri biyu ce a cikin na'ura. Akwai ƙwaƙwalwar wucin gadi, mai saurin gaske, amma da zarar wuta ta ɗauke duk abin da ke ciki ya tafi. Akwai kuma rumbun ajiya na dindindin, wanda bai kai ta sauri ba amma yana riƙe abu ko babu wuta. Manomi zai gane wannan da kyau: hatsin da aka baza a masussuka daban, wanda aka zuba a rumbu daban. Manhajoji sukan tara aiki a masussuka domin sauri, sai lokaci lokaci su kwashe zuwa rumbu. Saboda haka idan lamba 15 ta zo, manhajar kirki sai ta yi maza ta kwashe abin da ya rage, ta ƙarasa layin da take rubutawa, ta yi sallama da sauran kwamfutocin da take magana da su, sa'an nan ta fita da ƙafarta.

Lamba 9 kuwa ba roƙo ba ce. Ita da lamba 19 su ne guda biyu da babu manhajar da ta isa ta tare su, ko ta ƙi ji, ko ta ce a jinkirta. Hasali ma manhajar ba ta ko sanin lamba 9 ta zo, babbar manhaja ce kawai ke ɗauke ta, ta ƙwace rumfar. Duk abin da ba a kai rumbu ba ya salwanta. Wani zai ce to don me aka yi irin wannan sigina mara tausayi? Dalili shi ne akwai manhajar da kan rikice ta ƙi jin kowane kira, in babu abin da ya fi ƙarfinta sai ta riƙe na'ura duka. Hausawa dai sun ce in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.

Ga yadda abin ke tafiya idan ka kashe na'ura ta hanyar da ta dace. Da farko babbar manhaja za ta aika wa ma'aikatanta lamba 15. Sai ta jira. A manyan kwamfutocin Linux da yawa an saba jira har zuwa daƙiƙa 90 ga mai jan ƙafa, a waya kuwa 'yan daƙiƙu ne kawai. Wanda ya wuce wa'adi sai a bi shi da lamba 9. Bayan nan ita kanta babbar manhajar ta kwashe nata ragowar zuwa rumbu, daɗa sai ta yanke wuta. Wannan shi ne jinkirin da ka tambaya.

Idan kuwa ka zare waya daga soket, ko ka ciro batir, to babu 15 babu 9, shi kansa sarkin kasuwar rufin ya faɗo masa tare da kowa. Ana iya rasa lissafin da aka shigar na ƙarshe, wani lokaci ma littafin gaba ɗaya ya lalace in an katse shi yana tsakiyar rubutu. Shi ya sa ake haɗa kwamfutar ofis da akwatin batir mai riƙe wuta na 'yan mintoci, domin a samu a rufe cikin natsuwa. Akwai ma sigina ta musamman a Linux, lamba 30, mai nufin wuta ta samu matsala.

Masu wayar Android kuma ga wani ƙarin haske. Idan ƙwaƙwalwar waya ta cika, babbar manhaja takan zaɓi manhajojin da ba ka kallo a lokacin ta bi su da lamba 9 domin ta samar da wuri. Shi ya sa wani lokaci za ka bar abu a buɗe, ka dawo ka tarar ya fara daga farko, musamman a ƙananan wayoyi. Sai dai Android takan sanar da manhaja ta wata hanya tun sa'ad da ka kau da ita daga fuskar waya, don haka wadda aka rubuta da kyau ta riga ta adana aikinka.

Kada kuma a ɗauka amsa sigina abu ne mai sauƙi ga masu rubuta manhaja. Wahalar ita ce sigina ba ta neman izini, tana iya faɗowa a tsakiyar kowane aiki. Ka ɗauka mai awo yana ƙirga mudu da tsakuwa, ya kai 37, sai aka katse shi aka ce ya ƙirga wani abu, ya ɗebi waɗannan tsakuwoyin dai ya yi amfani da su. In ya dawo, ina lissafin farko? Saboda haka ƙa'ida ita ce aikin ko-ta-kwana ya zama gajere ƙwarai. Ƙwararru sukan sa shi ya ɗaga wata 'yar alama kawai ya koma, sai babban aikin ya kai gaɓa sa'an nan ya duba alamar. Bugu da ƙari, irin wannan sigina ba ta taruwa: in an aiko lamba ɗaya sau biyar alhali an ce a riƙe ta, sau ɗaya tak za a isar. A Unix ta farko ma, da zarar an amsa sigina sau ɗaya sai tanadin ya warware, in wata ta biyo baya da sauri sai manhaja ta mutu. Masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gyara wannan a shekara ta 1983, kana a 1988 aka fitar da ƙa'idar bai ɗaya mai suna POSIX.

Domin a ga girman haɗarin, ga abin da ya faru a shekara ta 2024. Akwai wata manhaja mai suna OpenSSH, wadda ke gadin ƙofar miliyoyin manyan kwamfutoci a duniya. Idan baƙo ya ƙwanƙwasa, takan ba shi daƙiƙa 120 ya nuna shaidarsa, ta kuma saita agogo, wato lamba 14. In agogon ya buga, aikin ko-ta-kwana sai ya tsaya rubuta labarin a littafin gadi, alhali wannan rubutu yana cikin ayyukan da bai kamata a yi su a irin wannan lokaci ba. A ranar 1 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana cewa ɓarawon da ya iya saita lokaci daidai zai iya bi ta wannan kafa ya mallake kwamfutar gaba ɗaya, ya kuma ƙiyasta cewa fiye da kwamfutoci miliyan 14 ne ke iya kasancewa cikin haɗari. A gwaji, sai an shafe awa 6 zuwa 8 ana ƙwanƙwasawa ba fasawa kafin a dace. An taɓa toshe wannan kafa a 2006, sai ta sake buɗewa a 2020 sanadin wani gyara, aka kuma sake toshe ta a ranar da aka yi sanarwar.

To malam, ga abin da za ka riƙe. In za ka kashe kwamfuta, ka bi hanyar kashewa da ke cikinta, ka jira har fuskarta ta yi duhu, ƙararta ta ɗauke, kafin ka taɓa soket ko ka kashe janareta. Ka riƙa adana lissafi da zarar an shigar, kada ka bari sai an tashi kasuwa. In na'urar POS ta tsaya ana tsakiyar ciniki, kada a yi gaggawar kashe ta da ƙarfi, domin ana iya cire kuɗi a banki alhali ita ba ta kai ga fitar da rasit ba, sai a shiga gardama da abokin ciniki. A ba ta lokaci tukuna. Danne maɓalli har na'ura ta mutu dole magani ne na ƙarshe, sai in ta ƙi jin komai. Sauri dai, an ce, shi ke haifar da nawa.

Da fatan ka gamsu, tare da sauran masu irin wannan tambaya. A ci gaba da aiko mana da takardu, kuma a riƙa rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda domin kowa ya samu shiga.