In Wuta Ta Fi Ƙarfin Batir

A wani gareji da ke unguwar Gounghin ta Wagadugu, ba nisa da filin wasa na 4 ga Agusta, na tarar da wata Hajiya tsaye kusa da kekenta mai batir, ranta a ɓace. Yaron gareji ya ɗaga sirdi ya zaro batura huɗu, biyu daga ciki sun kumbura kamar burodin da yis ya yi wa yawa. Maigidansa bai ko ɗauki sifana ba, sai ya ce, "Hajiya, wace caja kike sa masa?" Ta ce tata ta ɓace tun watan jiya, ta maƙwabciya take ara, ai bakinsu ɗaya. Da aka ɗauko cajar, ya juya bayanta ya nuna mata rubutun. Ta keke mai volt 60 ce, nata kuwa mai 48 ne. Cajar da ta dace da shi takan tsaya wajen volt 59, wannan kuwa sai ta haura 70 kafin ta yarda batir ya ƙoshi.

Masu gyara a Wagadugu suna kiran wannan cuta surtansiyon, wato ƙarfin wuta ya wuce iyaka. Da can kekuna da babura kawai ta shafa, a garin da ya yi suna wajen masu ƙafa biyu. Yanzu motoci sun shigo. A watan Janairun 2025 aka gabatar da ITAOUA, motar lantarki da ake haɗawa a nan Burkina Faso, ga kuma waɗanda ake shigowa da su daga ƙasar Sin. Duk daren daɗewa, garejinmu za su faɗo.

Volt kamar ƙarfin ruwan famfo ne: in tanki ya yi tsawo fiye da kima, bututu ne zai fashe. Batirin mota kuwa ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙananan ƙwayoyi ne aka jera, wannan na bin wannan, har su tara kusan volt 400, wasu sababbin motoci ma 800. Kowace ƙwaya da iyakarta: mai sinadarin nikel volt 4.2, nau'in LFP kuma 3.65. In aka matsa mata ta wuce nan, ruwan cikinta ya fara lalacewa, iska ta taru, zafi ya tashi, daga nan sai gobarar da ko an kashe ta takan sake kamawa. Shi ya sa aka sa wata 'yar kwamfuta, BMS, tana gadin ƙwayoyin dare da rana. Da ta ga ɗaya ta ƙetare, sai ta yanke wutar, ta kunna fitilar gargaɗi, mota ta ƙi caji ko ta ƙi tashi.

A nan ne nake da ja da wasu masu gyara. Sai a jona na'urar bincike, a goge lambar matsalar, fitila ta mutu, a karɓi kuɗi. Mai gadi ne ya yi ihu aka toshe masa baki, ɓarawo yana nan cikin gida. Abin da ya fi muni, tare da lambar nan motar takan adana bayanin lokacin da abin ya faru: wace ƙwaya ce, volt nawa ta kai, ana caji ne ko ana tafiya. Wanda ya goge kafin ya karanta ya share sawun da zai bi.

Sau da yawa laifin ba na mota ba ne, na bango ne. Wutar kamfanin lantarki na SONABEL volt 220 ce a ƙa'ida, amma duk wanda ya yi zafin Maris da Afrilu a garin nan ya san yadda ake ɗauke wuta, da yadda take dawowa da ƙarfi. Tashar sola ta Zagtouli mai megawat 33, wadda aka buɗe a 2017, da layin da ya taso daga Bolgatanga ta Gana a 2018, sun ƙara yawan wutar, amma ba su gyara wayoyin gidan kowa ba. In wayar nan ta dawowa, wadda ake ce wa nutur, ta saki a gidan da ke kan layi uku, soket na iya hawa ya doshi volt 380. Alamarsa, ƙwan fitila ya yi haske kamar rana, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tashi. Da damina ga tsawa. Ga janareta marar saiti. Don haka mai hankali soket yake fara sa wa mita, ya duba ko akwai ƙarfen da aka binne a ƙasa da na'urar tare tsawa, kafin ya tuhumi motar.

In bango lafiya, sai a koma kan ƙwayoyin. Jera tuluna goma, ka riƙa zuba wa kowanne moɗa ɗaya a kowane zagaye. Ƙaramin cikinsu shi zai fara ambaliya, sauran ko wuya ba su kai ba. Haka ƙwayar da ta tsufa take: ita ke riga cika, ita ke riga ƙarewa. Mai mota zai ce caji yana tsayawa kafin ya cika, kuma ba ta nisan da take yi a da. Na'urar bincike za ta nuna ƙwaya ɗaya ta yi wa 'yan'uwanta fintinkau a sama. Wani lokaci daidaita su a hankali ya isa, wani lokaci sai an canja rukunin da take ciki.

Amma mai gadi ma yakan yi ƙarya. Siririyar wayar da ke kai wa BMS labari, in gargadar hanya ta sassauta ta ko ƙurar hunturu da danshi suka ci bakinta, sai ta ba da lambar da ba gaskiya ba. Ƙwaya ba ta tsalle daga 3.9 zuwa 4.5 ta dawo cikin ƙiftawar ido. In ka ga haka, waya ce. An sha zubar da kuɗi a kan batir lafiyayye saboda bakin waya ɗaya.

Akwai kuma birkin da ke mayar da wuta cikin batir, wanda kan jawo gargaɗin in an gangara da batir cike fal. Wagadugu shimfiɗe take, ba shi ne damuwarmu ba.

Ɗabi'ar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta goga waya biyu a ga ko za su yi tartsatsi. A batirin volt 12 an sha da ita. A wayoyin babban batirin mota masu launin lemo, ajali ne. Ana kashe mota, a cire maɓallin raba batir, a jira mintunan da kamfani ya ƙayyade don ragowar wutar ta tsiyaye, a sa safar roba mai jure volt 1,000, a cire zobe da agogo, sannan a auna a tabbatar babu komai. Kuma ba a yi sai da wani a tsaye kusa.

Hajiya ta so a canja mata biyun da suka kumbura kawai. Maigidan ya ƙi, ya ce sabo da tsoho ba sa cika tare, kafin damina za ta dawo. Sun daɗe suna ciniki. Da ta amince, ya aiki yaron ya sayo caja, ya tsoma tsinke a farin fenti ya rubuta 48 a bayanta da manyan lambobi.