Alfadarin tsirrai da ke cikin tsagar duwatsun Amurka

Kowa ya san alfadari: ubansa jaki, uwarsa goɗiya, shi kuwa ba ya haifuwa. To, cikin tsirrai ma akwai irinsa. A gabashin Amurka, cikin tsagar duwatsu masu laima, akan tarar da wani ɗan tsiro na dangin da Faransawa ke kira fujer, watau tsirran da ba su fure, ba su ƴaƴa, sai wani gari mai laushi a bayan ganye wanda iska ke watsawa. Masana sun raɗa masa suna Asplenium ebenoides.

Mai son gane shi sai ya fara sanin iyayensa. Ɗaya yana da kara baƙi mai sheƙi, ganyensa a rarrabe kamar haƙoran matsefi. Ɗayan kuwa ganyensa guda ne, dogo, mai tsinin wutsiya. Inda wutsiyar ta taɓa ƙasa, nan sabon tsiro ke fitowa. Ɗan nasu ya ɗebo nan ya ɗebo can: gindin kara baƙi, samansa kore, ƙasan ganye a yayyanke babu daidaito, ƙarshensa kuma wutsiya. Amma ido kaɗai yana ruɗi. Sai an sa garin a madubin ƙara girma: in ƙwayoyin sun motse, sun lalace, to alfadari ne. A 1902 wata masaniya, Margaret Slosson, ta haɗa iyayen biyu da hannunta, tsiron ya fito, gardama ta mutu.

Abin mamaki yana jihar Alabama. Can cikin wani kwazazzabo kusa da ƙauyen Havana, wata malamar makaranta, Julia Tutwiler, ta gano a shekarun 1870 wasu da ke yaɗuwa da kansu. Bincike ya nuna ƙwayoyin gado da ake kira kuromozom sun ninku a jikinsu, daga 72 zuwa 144. Kowace ta sami abokiyar zama, haifuwa ta yiwu. A 2007 aka ware su da suna na dabam, Asplenium tutwilerae.

Banbancin ba wasan masana ba ne. Alfadarin, in ya mutu, iyayensa na iya sake haifo wani. Na Alabama kuwa, ba a san shi a dawa ko'ina ba sai wannan kwazazzabo ɗaya. Mai tsinkar tsirrai da ya ɗauke shi na banza yana iya ƙarar da jinsin baki ɗaya.