Majami'ar da Ke Kusa da Asibitin Galmi

Mai karatu, in ka taɓa kai marar lafiya Galmi daga Madawa, Buza ko Keita, ƙila ka ji waƙa da Hausa ran Lahadi da safe. Ka san su wa ke yinta?

Masu mishan na SIM ne suka shigo Nijar ta Damagaram a 1924. Daga baya suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, kana a 1950 suka buɗe asibiti a Galmi, garin albasa. Bayan samun mulkin kai na 1960, Kiristocin ƙasa suka kafa tasu ikilisiya, EERN.

Ikilisiyar nan tana zumunci da ƴan Firesbiteriya na Amurka. Kada dogon sunan ya ba ka tsoro: da Helenanci "dattijo" yake nufi. Tsarinsu ya kafu a Sikotlan a 1560, zamanin John Knox. Ba su da Paparoma. Jama'a ke zaɓen dattawa, su zauna da fasto su yanke shawara, kamar dai zaman manyan gari ƙarƙashin itace.

Sun gaskata Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma ceto ta wurin bangaskiya ga Yesu yake. Nan suka rabu da maƙwabtansu Musulmi. Suna yin baftisma da Jibin Ubangiji. Littafinsu ya fito cikakke da Hausa tun 1932, shi ya sa suka dage da koyar da karatu.

Kiristoci kaɗan ne a jihar Tawa. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Amma a layin ganin likita na Galmi, yawancin masu jira Musulmi ne.